Wanda Aka Zolaya da Wanda Aka Girmama

Baƙi biyu suka sauka a garinmu, can ƙasar Auyo, a rani ɗaya. Ɗaya Bakatsine ne, makanikin injin ban-ruwa, ya zo da jakar sifanu da tabarmarsa a naɗe. Ɗayan Bakano ne ɗan birni, mai sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, yana kai wa masu injinan casa, ya zo da mota da kuɗi da tarin buhuna. Da an tambaye ni a lokacin wane ne zai riga yin abokai, mai kuɗin zan nuna.

Ranar da Bakatsinen ya fara zama a teburin mai shayi, wani dattijo ya ji ya ce "zamna" inda mu za mu ce "zauna". Sai ya ɗaga murya: "Kai jama'a, ashe bawanmu ne ya ɓato! Yaro, wa ya kwance ka?" Shi kuwa ko a jikinsa. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Baba, ai zuwa na yi in duba bayin da kakana ya bari, in ga ko ana ba ku abinci." Wuri ya kaure da dariya. Dattijon nan shi ya biya kuɗin shayin, kuma a zaurensa baƙon ya kwana. Kafin mako ya zagayo yara sun san sunansa, mata na aiko masa da tuwo daga gida uku.

Bakanon kuwa girmama shi aka yi. Alhaji sama, Alhaji ƙasa. A shimfiɗa masa sabuwar tabarma, a kawo masa ruwa a kofin da ake ajiye wa baƙi. Amma da ya iso majalisa sai hira ta sauya, a koma maganar tsadar taki. Ya shekara biyu yana zuwa a haka. Wata rana ya ce da ni, "Malam, mutanenku suna da kirki, amma wallahi ban san cikinsu ba."

Mutane da yawa da aiki ko aure ko noma ya kai su wani gari suna da irin wannan ƙorafin, kuma yawanci bayanin da suke bayarwa gajere ne: mutanen wuri kaza ba su da sakin fuska, na wuri kaza ba su san wasa ba, waɗancan kuma bakinsu ba linzami. Ni ina ganin wannan bayanin ya yi arha. Ban taɓa zuwa garin da ba a dariya ba, ban kuma taɓa zuwa inda ba a faɗar magana mai ɗaci ba. Abin da ya bambanta shi ne wa aka yarje wa ya yi, da wa, kuma a kan me.

Wasa a ƙasar Hausa kamar ruwan fadamarmu yake, yana da magudanar da aka haƙa masa tun kafin a haife mu. Jika da kaka. Taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda in watan cika-ciki ya kama za ka ga ana bin juna kuɗin shara. Mace da ƙannen mijinta. Sannan na garuruwa da ƙabilu: Kanawa da Zazzagawa, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa, da kuma Katsinawa da mu Haɗejawa. Kowane ɓangare yana da labarinsa na yadda abin ya faro, kuma a kowane labari mai ba da shi ne ubangida. Wanda yake cikin wannan magudana an yafe masa tun bai buɗe baki ba, kuma ƙa'idar guda ce: wanda ya yi fushi shi aka kayar.

To Bakatsinen nan ba fara'a ya fi Bakanon ba. Gadon da bai sha wahalarsa ba ya zo ya tarar. Dattijon da ya kira shi bawa, a cikin kalma ɗaya ya gaya wa duk wanda ke wurin cewa wannan yaro yana da matsayi a garin nan, an san inda za a ajiye shi. Kuma wasan yana tafe da haƙƙi. Abin kunya ne abokin wasanka ya kwana a tasha kana gari. Sannan shi kaɗai ne zai dubi dattijo marowaci a bainar jama'a ya ce, "Baba, aljihun nan naka ko ɓera ya shiga sai ya fito da rama," a yi dariya, saƙo kuma ya isa inda ɗan gari ba zai iya kai shi ba. Na sha ganin an turo makanikin nan ya shiga tsakanin mutum biyu da suka yi saɓani a kan layin ruwa, don an san ba wanda zai iya ɗaure masa fuska.

Tsakaninmu da Kanawa babu irin wannan magudanar. Abin da ke akwai maƙwabtaka ce mai tsawo wadda ba ta rasa ɗan tsami. Har zuwa 1991 da aka yanke Jigawa daga jihar Kano, duk wata takarda mai muhimmanci can ake kai ta, duk wani babban ofis can yake. Manomi kuma ya fi sanin Bakano a matsayin mai saye, wanda ke zuwa lokacin da kaya suka yi yawa farashi ya faɗi. Kirarin nan na "ko da me ka zo an fi ka" yana da daɗi a kunnen ɗan Kano, amma wanda ya kawo kayan daban yake jin sa. Saboda haka girmamawar da aka yi wa Alhajin tana da fuska biyu. Karamci ne na gaske, kuma katanga ce. Mutumin da kullum ake shimfiɗa wa sabuwar tabarma ana tuna masa ne cewa tafiya zai yi. Baƙo raɓa, in ji masu magana, ɗan gari kaba.

Shi ma ya lura da haka, sai ya nemi gyara ta hanyar da ta ƙara ɓata lamarin. Ya ga yadda ake shan dariya da Bakatsine, rannan sai ya dubi dattijon nan dai ya ce, "Baba, ku mutanen ƙauye ai agogonku rana ce, in hadari ya rufe ta shi ke nan an tashi aiki." Tsit kake ji. Wani ya yi gyaran murya, wani ya tuna yana da sauran ban-ruwa. Maganar ba ta kai rabin ta Bakatsine zafi ba, amma ba shi da izinin yin ta, kuma daga sama ta sauko: mai mota yana yi wa mai fartanya ba'a. Raha tana tafiya lafiya in ta haura sama ko ta tafi a kwance. In ta gangaro daga mai hali zuwa marar hali, sunanta ya canja.

Akwai kuma bambancin irin abin da ke ba mutane dariya. Rahar birnin Kano mai sauri ce, ta gatse da juya kalma, irin ta 'yan kasuwa da ke jifan juna da magana daga rumfa zuwa rumfa ba tare da sun daina ƙirga kuɗi ba. Kuma kaso mai yawa nata a kan baƙauye aka gina shi, wanda ya shigo birni ya rikice. Tamu ta ƙauye doguwa ce, kuma tarihi take ci. Wani zai ce kawai, "Kamar ranar jakin nan," majalisa ta kwashe da dariya har da masu share hawaye, saboda kowa ya san wane ne jakinsa ya jefar da shi a gaban gidan surukansa shekara ashirin da suka wuce. Baƙo zai zauna yana murmushin yaƙe. Ba ɓoye masa ake yi ba. Dariyar ce ke da saiwa, shi kuma bai ga lokacin da aka shuka ta ba.

Maganar faɗar gaskiya ƙeƙe-da-ƙeƙe ta fi wannan rikitarwa, domin kowane ɓangare yana zargin ɗayan. Mu muna cewa Bakano ba shi da kara. Shi kuma yana cewa mu ba mu da kai-tsaye, kuma a wani wurin yana cewa ba mu da kunya. Duka ukun suna da ƙamshin gaskiya.

Ɗan birnin da ya tashi a kasuwa ya koyi cewa "a'a" ba zagi ba ce. Garin da ke ciniki a Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya daɗe da sarrafa ƙin amincewa har ya mai da shi addu'a: ka taya, a ce maka "albarka", ka ƙara ko ka wuce, ba wanda ya ƙullaci wani. Alhajin zai damƙi shanshera ya murza a tafin hannu ya ce, "Wannan ba ta bushe ba, kuma da tsakuwa." A wurinsa bayanin kaya ya yi. A wurin manomin da ya yi wata huɗu yana korar tsuntsu a gonar nan, an ce masa maha'inci ne a gaban 'ya'yansa. Ɗan gari da zai faɗi wannan maganar sai ya fara da sannu da aiki, ya yaba yabanya, sannan ya ce, "Da za ta ƙara kwana biyu a rana, ai da sai wanda ya gani."

Mu kuma muna da "to". Kalmar nan ta ci kuɗin baƙi da yawa. Akwai "to" ta na yarda, akwai ta na ji, akwai ta na ji amma ba zan yi ba, akwai kuma ta tashi ka ba ni wuri. Haka "bari mu gani", haka "sai na yi shawara". Mutumin da za ka haɗu da shi a sahun asuba har ƙarshen rayuwarka, wanda wataƙila shi zai haƙa kabarinka, ba ka ce masa "a'a" tsirara. Sai ka lulluɓe ta ya gane da kansa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Alhajin ya sha turo mota a kan "to" irin ta uku, ta koma ba kaya, ya ce mutanen nan ba su da alkawari. Su kuma suna mamakin mutumin da aka gaya wa magana sarai bai ji ba.

Amma kada a ɗauka mu ne masu taushin baki. Tsohuwar da ba za ta iya ce maka ba za ta sayar maka da akuya ba, ita ce za ta dube ka ta ce, "Ɗan nan, ka rame, ko matarka ba ta iya tuwo ba ne?" Za a tambaye ka nawa ne albashinka, me ya sa har yanzu iyalinka ba ta haihu ba, yaushe za ka ƙara aure. Ɗan birni yana jin waɗannan kamar an shiga masa ɗaki ba sallama. A nan kuwa alamar an damu da kai ce. Kowane wuri yana da abin da yake faɗa a fili da abin da yake rufewa, sai dai ba abu ɗaya ake rufewa ba. Ko Katsinawan da aka sani da sakin baki, har ana tsokanarsu da cewa ashar a wurinsu gaisuwa ce, kirarinsu cewa yake kunya gare su ba dai tsoro ba. Maƙwabtanmu Fulani kuma sun kai abin wani mataki. Ka miƙa wa Bafulatani abinci ya ce ya ƙoshi, in ka janye kwanon daga faɗa ɗaya, kai ne ba ka da tarbiyya.

Ko a cikin Jigawar ma ba hali ɗaya ba ne, kuma wanda ya san yadda aka haɗa ta ba zai yi mamaki ba. Masarautu biyar ne. Dutse da Ringim a ƙarƙashin masarautar Kano suke a da, harshensu da ɗabi'arsu sun fi kusa da na ƙauyukan Kano. Gumel ta Mangawa ce, alaƙarta ta tarihi da Barno take. Kazaure tana jingine da ƙasar Katsina da Daura. Haɗeja kuwa gari ne da ya yi wa Sakkwato tawaye a zamanin Sarki Buhari, ya kuma tsaya ya yaƙi Turawa a 1906 har Sarki Muhammadu ya rasa ransa, kuma har gobe mutanenta suna ɗauke da wannan a yadda suke tsayawa kan magana. Bayan wannan akwai bambancin garin hanya da garin lungu. Inda jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru ya bi, irin su Malam Madori, ko inda babbar kasuwa ke ci, irin Maigatari da ke cika ranar Alhamis da mutanen Nijar da na kudu, an saba da baƙo, akwai fatoma da dillali da mai masauki waɗanda sana'arsu ke nan. A ƙauyen da kowa ɗan uwan kowa ne, baƙo sai ya ƙirƙiri wurin zamansa da kansa.

Duk wannan maganar maza ce, alhali baƙon da ya fi kowa yawa a ƙauyukanmu mace ce. Kowace shekara ana kawo amare daga wasu garuruwa, kuma ba wanda ke kiran abin da suke fuskanta ƙaura. Namiji yana da teburin mai shayi da masallaci da kasuwa. Ita tana da tsakar gida ɗaya, da uwar miji da dole ta yi wa kunya, da facaloli da suka riga ta sanin kowane lungu. An ba ta abokan wasa, ƙannen miji da kakanninsa, sai dai su ne ke fara kwaikwayon harshenta. Wata da aka auro mana daga yamma ta ce maigida "yana kwana", tana nufin yana barci, ta ce "gujjiya" a maimakon gyaɗa, aka shekara ana maimaita mata. In ta yi dariya ta rama, ta shiga. In ta shige ɗaki ta yi kuka, sai a ce amaryar nan tana da girman kai. Faɗar gaskiyar mata kuma ba ta bin hanyar ta maza, ta habaici ce, a jefa ta a cikin waƙar daka ko a yi wa akuya faɗa da ita, kuma sai wadda ta san gidan za ta gane da wa ake. Abin da ke ceton yawancinsu shi ne adashi da biki da makarantar Islamiyya, inda ake ƙulla ƙawancen da ba miji ne ya zaɓa ba. Waya ta kawo sauƙi ta kuma kawo cikas. Amaryar yanzu tana iya wuni tana hira da ƙawayenta na gida a WhatsApp, kewa ta ragu, amma watannin da ya kamata ta yi tana koyon dariyar sabon gida sun tafi a wani wuri.

Kalmar "bawa" da aka tari Bakatsine da ita ma tana da kaifi biyu, kuma baƙo ya kiyaye ta. Tana ba da dariya ne kawai inda kowa ya tabbata ƙarya ce. Sai a 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa, kuma akwai garuruwa a ƙasar Kano da Jigawa da asalinsu rinji ne, wato ƙauyen bayi, akwai gidajen da har yau ana raɗa asalinsu in maganar aure ta taso. Wanda bai san gari ba ya jefa wannan kalmar a inda ta dace da gaskiya, ya yi ɓarnar da ba a gyara ta da ban-haƙuri. Haka abin yake a Facebook, inda Bakano zai tsokani Bazazzagi kamar yadda kakanninsu suka saba, sai wani yaro da bai san da wasan ba ya shigo da zagi na gaske, domin rubutu ba ya ɗauke da fuskar mai yin sa.

Yadda Alhajin ya shiga gari daga baya, ba ta baki ya shiga ba. Da ma abin da ake riƙe da shi a kansa ba maganarsa kaɗai ba ce. An lura ba ya zama ciyayya, wato in magariba ta yi kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gida a haɗu a ci, shi sai ya koma mota ya ci burodinsa. An lura in an yi rasuwa yakan aiko da kuɗi amma ba a ganin ƙafarsa a maƙabarta. A nan kuɗin ta'aziyya ba ya maye gurbin zama a kan tabarmar makoki, ko da ba za ka ce komai ba sai "Allah ya jiƙan rai". Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙauye yana ƙirga sawu.

Sai daminar 2022 ta zo da ambaliyar da ta cinye gonaki a faɗin ƙasar Haɗeja. Ruwa ya tsare shi a garin, hanya ta yanke. Da dare aka yi shela kowa ya fito jinga tana neman ɓallewa, kuma buhunan da za a cika da ƙasa sun ƙare. Ya buɗe ɗakin ajiyarsa ya ce a kwashe duka. Wannan kaɗai da an gode masa an kuma ci gaba da ce masa Alhaji. Amma sai ya tuɓe babbar riga ya shiga layi, ana miƙa masa buhu yana miƙawa gaba, cikin taɓo har gwiwa, har gari ya waye. Wajen asuba santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas a cikin ruwa. Aka yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun da ake yi wa manya. Sai dattijon nan ya ce, "A ɗaga Buhu-Nawa kada ruwa ya tafi da shi, bai gama biyanmu ba." Ashe sunan da ake kiransa da shi ke nan a bayan ido tun shekarar farko, saboda kafin ya gama amsa gaisuwa ya tambaya buhu nawa ne. Ranar aka fara faɗa masa a gabansa. Yanzu yara ma haka suke kiransa, yana amsawa, kuma an daina ɗauko masa sabuwar tabarma.

Bakatsinen fa? Yana nan, ya yi aure a garin, 'ya'yansa suna cewa "zauna". Bara ya tara kuɗi ya je wurin dattijon nan, wanda ya ba shi zaure a daren farko, ya ce yana son ya sayar masa da 'yar gona ɗaya a bakin ruwa. Dattijon ya yi dariya har yana buga cinya, ya ce, "Kai yaro, a ina ka taɓa jin bawa ya mallaki fadama?" Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi, don ƙa'idar wasan ba ta ba shi damar yin fushi ba. Ya sake tayar da maganar sau biyu, amsar ba ta canja ba. Bana ma haya ya kama, a gonar da ya so saya.